Tsuntsu Ba a Bin Sa, Jiran Sa Ake Yi: Jagorar Kallon Tsuntsayen Ruwa da Ɗaukar Hotonsu Daga Mai Wurno Zuwa Dindir

Ɗan ƙanwata ne ya turo mini hoto ta WhatsApp: wani farin tsuntsu mai dogon wuya a lanƙwashe, yana ninƙaya a wani tafki na Turai. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, ina zan sami baja'in nan a bahar ɗinmu? Ina so in ɗauke shi." Larabci ne ya ruɗe shi. Kalmar baja' ana faɗinta ga tsuntsaye biyu da ba su haɗa dangi ba. Na cikin hoton ɗan'uwan agwagwa da dinya ne, gidansa ƙasashen sanyi, ba ya zama a Afirka kudu da Sahara. Baja'in da masuntanmu ke gani a bahar ɗin, wato kogin Shuɗin Nilu a nan Sudan, kuwa shi ne kwasakwasa, mai jaka a ƙarƙashin baki. Na ce masa ya bar neman na Turai, ya zo in nuna masa abin da ke bayan gidansu. Abin da na koya masa a hunturun nan shi na tattara a nan.

Fara da sanin lokaci

Mu nan Mai Wurno muna gaɓar yamma ta kogin, kudu kaɗan da birnin Sinnar, inda jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka yada zango bayan yaƙin Burmi na 1903. Madatsar Sinnar da aka gama a 1925 tana arewa da mu, don haka ruwan da ke gabanmu tararren ruwa ne. Yakan cika, yakan ja baya, ya bar laka da tsibiran yashi da kududdufai a cikin dazuzzukan bagaruwa, wadda a nan ake kira sunut. Tsuntsun ruwa bakin lakar nan yake bi. Inda ruwa ya janye jiya, nan abinci yake yau.

Shamuwa, wadda Larabawan nan ke ce wa simbiriya, baƙuwar damina ce. Da yayyafin farko take isowa, ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gari ba mai taɓa ta, da kaka ta yi ta tashi zuwa gabashi da kudancin Afirka. Sunan da masana suka ba ta a 1823 ma daga ƙasar nan aka samo shi, sunan Abdim Bey ne, wani gwamnan Turkawa a arewacin Sudan. In shamuwa kake so, ka fita tsakanin Yuni da Satumba, a nan cikin gari za ka same ta.

Amma kasuwar tsuntsaye ta gaske daga Nuwamba zuwa Fabrairu take ci. Lokacin ne baƙi daga Turai da Asiya ke gudun sanyi su sauka wurinmu: ƙananan agwagin ruwa iri-iri, da 'yan tsuntsayen bakin laka masu dogayen ƙafafu, da rahu. Rahu ɗan'uwan gauraka ne, toka-toka, gaban wuyansa baƙi, da farin gashi da ya zubo daga bayan ido. Daga filayen Yukren da kudancin Rasha da Kazakistan yake tasowa, ya zo ya yi kiwo a gonakin dawa da aka girbe, ya kwana a kan yashin kogi. Sai 'yan gida da ba sa zuwa ko'ina mai nisa: balbela, zalɓe, jinjimi, kirinjijiya, dinya, babba-da-jaka, da mikiyar ruwan nan mai farin kai.

Tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, hawan kogi da saukarsa ba sa bin tsohon lissafin da muka taso da shi. Kada ka dogara da abin da ka gani bara. Ka je bakin ruwa ka tambayi masunta da masu noman gaɓa. Su ne suka san tsibirin da ya fito makon nan, da kududdufin da kwasakwasa ke kwana.

Kafin ka fito da madubi daga jaka

Wannan matakin ya fi kowanne. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso jihar Sinnar a 2024, kuma har yanzu idon kowa a buɗe yake. Mutum riƙe da madubin hangen nesa da doguwar kyamara a bakin kogi abin zargi ne, ko da a zuciyarsa balbela ce kawai. Tun kafin yaƙi ma an hana ɗaukar hoton madatsa da gada da duk abin da ya shafi soja. Kada ka juya kyamara wajen madatsar Sinnar ko da gauraka ɗari ne suka jeru a kanta. Ɗan jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi kuwa, ka manta da shi ɗungurungum.

Ni an taɓa tsare ni a wani shinge daga hantsi har azahar, ana bin hotunan kyamarata ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fisshe ni shi ne babu komai a ciki sai tsuntsaye, kuma wani dattijon unguwarmu ya zo ya shaide ni. Tun daga ranar ba na fita sai na sanar da mai unguwa ko shehin ƙauyen da zan shiga, da katin shaida a aljihu, da ɗan gari a gefena. In ka ga baƙon ƙarfe a ƙasa wanda ba ka gane ba, kada ka taɓa, kada ka shure shi. Ka juya ta inda ka zo, ka sanar.

Kaya

Madubin hangen nesa ya fi kyamara muhimmanci. Nemi mai rubutun 8x42. Takwas ɗin yana nufin yana jawo abu ninki takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wanda ya wuce ninki goma hannu ba ya riƙe shi ba rawa. Kyamara kuwa, in mai canjin ido ce, kana buƙatar ido mai milimita 300 zuwa 400. In aljihu bai kai ba, irin waɗanda idonsu ke haɗe da jiki masu dogon zum sun isa, kamar Nikon P900 mai ninki 83, ko da ta hannu ce. Batir biyu, memori biyu, da ƙyalle mai taushi.

Ba sai ka sayi ƙarfen nan mai ƙafa uku ba. Ɗinka 'yar jaka, ka zuba mata mudun gero ko dawa, ka ɗinke bakin. A kan gefen kwale-kwale, a kan tagar mota, a kan tudun laka, ko'ina ka aza ta kyamara za ta zauna daram.

Farar jallabiya kuwa ka bar ta a gida. Na san da wuya ɗan Sudan ya rabu da ita, amma daga nesa take shelar zuwanka. Sa tsohuwar riga ruwan ƙasa ko ruwan toka, hula mai duhu, da takalmi rufaffe.

Zaɓi wurin zama tun jiya

Je da la'asar ba tare da kyamara ba, ka tsaya nesa ka ga inda suke taruwa. Duba lakar: sawu, farin kashi da gashin da ya zuba su ne alamar wurin da suke dawowa kullum. Daga nan sai ka yi lissafin rana da iska.

Rana a bayanka ake so. Mu da ke gaɓar yamma, in muka fuskanci kogi da safe rana muke kallo ido da ido, tsuntsun sai ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Saboda haka lokacin gaɓarmu shi ne daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Mai son safiya ya ƙetara gabas da kwale-kwale, ko ya nemi kududdufin cikin bagaruwa inda zai iya zagayawa ya zauna ta gabashinsa.

Iska kuma, manyan tsuntsaye suna tashi suna sauka ne fuskarsu na kallon inda take fitowa. Da hunturu iskar arewa ke kaɗawa a nan. Kenan in ka zauna kudu da garke, duk wanda ya tashi wutsiya zai ba ka. Zauna arewa maso gabas da su da safe, arewa maso yamma da yamma, ka haɗa riba biyu: haske a bayanka, tsuntsu na tasowa wajenka.

A watan Janairu rana na fitowa wajen ƙarfe shida da kwata. Ka sallaci asuba ka kama hanya, fitowar rana ta same ka a zaune. Awa biyun farko su ne naka. Da hantsi ya ɗaga, kawalwalniya ke tashi a kan ruwa da yashi, duk abin da ka ɗauka daga nesa sai ya yi dishi-dishi, ka yi ta zargin kyamara alhali iska ce mai zafi ke rawa tsakaninka da tsuntsun.

Zama

Shekarata ta farko bin tsuntsaye na yi ta yi. In hango zalɓe, in sunkuya, in lallaɓa, in na kusa ya buɗe fukafukai ya ƙara gaba, ya sauka, in sake bi. Wata safiya na yi haka har na nutse cikin laka zuwa gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi ke nan. Wani tsohon masunci yana zaune a bakin kwale-kwalensa yana ɗinkin taru, bai ce uffan ba sai da na fito. Ya ce, "Yaro, bashi kake bin sa?"

Na ce, "A'a Baba, hoto nake so."

Ya ce, "To zo ka zauna nan, ka riƙe mini bakin tarun nan. Kada ka dube shi."

Na zauna. Ba mu yi rabin awa ba sai ga zalɓen ya dawo, ya sauka bai fi taku goma sha biyar daga gare mu ba, yana jiran 'yan kifin da Baba ke watsarwa. Har ɗigon ruwan da ke bakinsa ina gani.

Dabarar ke nan gaba ɗayanta. Tsuntsun bakin kogi ya saba da masunci, da mai jaki, da mata masu wanki, don kowa harkarsa yake yi. Wanda yake tsoro shi ne mai tahowa kai tsaye yana zuba masa ido. Saboda haka ka isa wurin kafin su, ka zauna ƙasa, ka jingina da bishiya ko ciyawa don kada siffarka ta fito a sararin sama. In fili ne fetal, kafa 'yar bukka da kara da tsohon buhu kwana biyu kafin ranar, su saba da ita. Waya a kashe mata ƙara. In za ka ɗaga kyamara, ɗaga ta a hankali kamar mai tsoron tada jariri.

In dole sai ka matsa, kada ka miƙe sak. Tafi a karkace, taku biyar ka tsaya, idonka a ƙasa. Da ka ga tsuntsu ya bar kiwo ya miƙe wuya, ka kai iyaka. Tsaya cak har ya mayar da kai ƙasa. In ya fara takawa yana nisa da kai, ka riga ka wuce gona da iri, koma baya. Kwaɗayin taku ɗaya shi ke tada garke guda.

Akwai ɗan sandan bakin ruwa da za ka yi hattara da shi: zakaran ƙeƙuwa. Da ya hango ka zai ɗauki ƙara, kowa ya watse. Ba ka da maganinsa sai zama shiru har ya gaji. In kuwa ya dinga kawo maka sura yana zagaya kanka, ƙwansa na kusa, a ƙasa yake ajiye su cikin ɗan rami. Bar wurin. Duk uwar da ka tasa daga kan ƙwai, ka bar su ne wa rana da shirwa da hankaka. Haka kuma kada ka sa yara su yi jifa don ka sami hoton tashi. Na ga masu yin haka, kuma ba na sake fita da su.

Ka gani kafin ka ɗauka

Minti goman farko madubi kawai. Fara da girma: ya kai kurciya, ko zabo, ko dinya? Sai baki: dogo ne miƙaƙƙe kamar mashi, ko lanƙwasasshe kamar lauje irin na jinjimi, ko mai faɗi? Sai launin ƙafa, sai yadda yake cin abinci. A sama kuwa wuya ke raba gardama. Zalɓe da balbela naɗe wuya suke yi in suna tafiya, shamuwa da gauraka da rahu da jinjimi miƙe shi suke yi. Babba-da-jaka ne ya saɓa wa danginsa, shi ma yakan janye nasa.

Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gano suna. Sauke tsuntsayen yankinmu a cikinta tun kana da intanet, don a bakin ruwa ba lallai ka samu ba. Amma ka riƙa tambayar dattawa sunan Hausa da na Larabci kana rubutawa. Yaranmu da yawa sun san wizzin na Larabci, ba su san kirinjijiya ba.

Kallon nan ne zai koya maka abin da zai faru kafin ya faru. Zalɓe in ya sunkuyar da kai ya naɗe wuya ya daskare, sara ke tafe. Kwasakwasa in sun jeru kamar rabin da'ira suna turo kifi bakin gaɓa, tare za su tsoma baki. Mikiyar ruwa takan jefa kai baya in za ta yi kuka. Babban tsuntsu in ya yi kashi ya ɗan durƙusa, tashi zai yi. Ɗan tsuntsun nan mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fukafukai, da ya sunkuyar da baki zai faɗo ruwa. Yatsanka ya riga shi.

Saitin kyamara

Juya maɓallin sama zuwa S, ko Tv in Canon ce. A nan kai ke zaɓar saurin ƙiftawar kyamara, ita ta daidaita sauran. Tsuntsun da ke tsaye, 1/500 na daƙiƙa ya isa. Mai tafiya ko mai kiwo, 1/1000. Mai tashi sama, 1/2000. Da sassafe haske bai isa ba, sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600. Hoton zai ɗan yi tsakuwa-tsakuwa, amma gara wannan da wanda ya yi rawa, don rawa ba ta gyaruwa. In rana ta fito sosai ka sauke shi zuwa 200 ko 400.

Saitin ido ka sa shi a AF-C, ko AI Servo a Canon, yadda zai dinga bin tsuntsun muddin ka danne maɓalli rabi. Kunna ɗauka a jere. Ka ɗora ɗigon saiti a kan idon tsuntsun. In ido ya fito tas, an yafe wa sauran jiki. In ido ya dushe, goge hoton.

Ga inda kusan kowa ke faɗuwa: fararen tsuntsaye. Balbela ko kwasakwasa a kan ruwa mai duhu, kyamara na ganin duhun ya yi yawa sai ta ƙara haske, farin ya ƙone, gashin ya zama kamar an shafa alli. Nemi maɓalli mai alamar +/- ka sauke shi zuwa -1. Tsuntsu mai duhu a sararin sama kuwa akasin haka ne, kai shi +1, in ba haka ba inuwa za ka kwaso. Ɗauki ɗaya, duba, gyara, sa'an nan ka ci gaba. Kuma ka tuna ka mayar da shi sifili in ka gama. Na taɓa ɓata yammaci guda na rahu saboda wannan mantuwar.

Sauka ƙasa. Hoton da aka ɗauka a tsaye yana nuna bayan tsuntsu da laka. Wanda aka ɗauka a kwance, kyamara a kan jakar gero, yana haɗa idonka da nasa, bayansa kuma ya narke ya yi laushi. Shimfiɗa buhu ka kwanta rubda ciki. Bar fili a gaban bakinsa, kada ka matse shi a tsakiya.

Mai waya kawai ma yana da rabo. Aza madubin hangen nesa a kan jakar gero, saita shi a kan tsuntsun, sa'an nan ka manna idon wayar a kan ido ɗaya na madubin. Za ka ga da'irar haske, ɗan ja zum kaɗan har baƙin gefen ya ɓace. Sa ƙidayar daƙiƙa uku don taɓawarka kada ta girgiza shi. Ga zalɓen da ke tsaye ko kirinjijiya da ke hutawa yana fitowa da kyau. Na sama dai sai haƙuri.

Kada ka canja idon kyamara a fili in iska na kaɗawa. Ƙurar hunturu da ta guguwar habub in ta shiga ciki, kowane hoto da ɗigonta zai fito.

In hanya ta yi kyau, Dindir

Gandun dajin Dindir yana kudu maso gabas da mu, ya jingina da iyakar Habasha. A 1935 aka keɓe shi, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 10,000, kuma tun 2005 yana cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Abin da ke kai mai son tsuntsu can shi ne maya, wato fadamun da ke riƙe ruwa bayan kogin Dindir ya daina gudu da rani, irin su Ras Amir da Girerisa da Maya Musa da Abdul Gani. Da damina baƙar lakar yankin ba ta barin mota ta wuce, sai daga Disamba hanya ke buɗewa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwan na ƙanƙancewa, kifi ya taru wuri guda, kwasakwasa da babba-da-jaka da gauraka da dinya su cika wurin, ga kwanta-rafi da gadu da ɓauna na zuwa shan ruwa. Sai dai zafin Afrilu ba wasa ba ne.

Ba a shiga sai da izinin 'yan sandan kula da namun daji, kuma da jami'insu za ka yi yawo. Tambaye su halin hanya da na tsaro kafin ka ɗaura niyya, in sun ce a dakata, ka dakata. Mota mai ƙarfi, mai, ruwa da abinci duk daga gari ake tafiya da su zuwa sansanin Galagu. A can motar ce bukkarka: kashe inji, aza jakar gero a taga. Kada ka sauka sai jami'in ya ce, don akwai zaki, kuma ɓauna ba ta da wasa.

Gidan sauro dole ne, mai ƙananan ƙofofi wanda aka sa wa magani. Ban da zazzaɓin cizon sauro, dajin na da ɗan ƙudan nan da ke kawo ciwon kala'azar, yana son wuraren dushe da aduwa da tsagaggiyar ƙasa, da dare yake cizo. In ka dawo zazzaɓi ya ƙi sauka, ka gaya wa likita inda ka je. A maya ko a kududdufin bayan gari, kada ka shiga kwantaccen ruwa da ƙafa, tsargiya a nan take. Bakin ruwa mai zurfi kuma ka bar taku da yawa tsakaninka da shi saboda kada.

Littafin aljihu

Kowace fita ka rubuta kwanan wata, wuri, lokaci, yanayin ruwa, da abin da ka gani da adadinsa. Babban garke ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ƙirga goma, ka ga girman wurin da suka ci, sai ka dinga aunawa goma-goma, in sun yi yawa hamsin-hamsin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In da intanet ka zuba lissafin a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke tara abin da suka gani. Kowane Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, aikin da aka fara tun 1967, kuma irin wannan rubutun na bakin kogi shi ake nema.

Duba ƙafafu a hotunanka in ka koma gida. Wani lokaci za ka ga zobe, na ƙarfe ko na roba mai launi da lamba, wanda masu bincike suka sa wa tsuntsun a ƙasar da aka ƙyanƙyashe shi. Rubuta lambar, da launin, da ƙafar da yake, dama ko hagu. Ɗan ƙanwar tawa yanzu duk rahun da ya ɗauka sai ya buɗe hoton ya zuƙo ƙafar. Bai sami zobe ba tukuna. Ranar Juma'a mai zuwa za mu ƙetara gabas tun da asuba, na riga na yi magana da mai kwale-kwale.